Kundin Aiki: Neman Sauti a Sabar Islamiyyarmu ta Agege

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025

Na buɗe wannan kundi ne saboda wanda zai karɓi aikin nan bayana, da kuma 'yan'uwa masu irin sana'ata. Marigayi malaminmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar kaset-kaset na tafsiri da karatun fiƙihu cike da kwalaye. Bara aka kwashe su zuwa kwamfuta. Abin da ya rage shi ne a saurara, a rubuta, a kai wa Malam babba ya duba. Kwamiti ya kafa sharaɗi ɗaya: kada muryar ta bazu a wayoyin mutane kafin a tantance ta, domin akwai wuraren da kaset ya cinye magana, kuma guntuwar fatawa ta fi rashin fatawa haɗari. Shi ya sa muka yi hayar sabar, wato kwamfutar da ake shiga daga nesa ta intanet, a Turai, mai ɗauke da Windows Server 2022, muka zuba komai a cikinta. Mai rubutu zai shiga daga gida ta Remote Desktop, ya saurara a can, ya rubuta a can, babu abin da zai sauka a kwamfutarsa.

Yau aka fara gwaji. Hoto na zuwa lafiya, madannai na aiki, VLC, manhajar kunna sauti, na nuna karatu yana tafiya, amma tsit kake ji. Alamar lasifika da ke kusurwar ƙasa tana ɗauke da jan tambari.

Bayan la'asar Alhaji shugaban kwamiti ya kira ni. "Injiniya, ko a tura yaro Computer Village ya sayo katin sautin a liƙa mata?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai sabar haya kamar ɗaki ɗaya ce a gidan haya mai ɗakuna da yawa. Injin na mai gida ne, yana wata ƙasa, mu yanki kawai aka yanka mana. Babu inda za mu soka kati, kuma ba ma bukatarsa."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya, bari in shimfiɗa ta. Sabar ba ta fitar da sauti da kanta. Idan mutum ya shiga, Windows na ƙirƙiro masa na'urar sauti ta wucin gadi mai suna Remote Audio, wadda ke rayuwa iya tsawon zamansa. Duk abin da aka kunna, ita ke karɓa, ta ƙunsa, ta turo ta cikin layin da ke kawo hoto, sai katin sautin kwamfutar da ke gaban mutum ya kunna shi. Ke nan sauti zai iya maƙalewa a manhajojin bayan fage na sabar, ko a dokokinta, ko a saitin mai shiga, ko a manhajar da ke kunna karatun, ko a kan hanya. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, ba zan taɓa biyu a lokaci guda ba, don in san wanne ya yi magani.

Talata, 7 ga Oktoba

Na buɗe services.msc, jerin manhajojin bayan fage na Windows. Windows Audio a tsaye take, haka ma Windows Audio Endpoint Builder, wadda ta farkon ke dogara da ita. Wannan ba lalacewa ba ce. Haka Windows Server ke zuwa, domin yawancin sabobi ba a kunna komai a cikinsu, sai aka bar waɗannan biyun a kan sai an tashe su da hannu. Na mayar da su su riƙa tashi da kansu, na kunna su, na fita gaba ɗaya, na sake shiga.

Jan tambarin na nan, amma saƙonsa ya sauya. Da yana cewa manhajar sauti ba ta aiki, yanzu yana cewa babu na'urar fitar da sauti. Ci gaba ne. Manhajar ta farka, ta duba, ba ta ga Remote Audio ba. Wani abu ne ke hana a ƙirƙiro ta.

Wani abokin sana'a da ke da shago a titin Otigba, cikin Computer Village, kasuwar kwamfutoci ta Ikeja, ya ba ni shawara biyu, duka ban ɗauka ba, kuma ina so in rubuta dalili don shawarar ta yawaita a bakin mutane. Ta farko, in sauko da direban Realtek, wato manhajar da ke sarrafa katin sautin wannan kamfani. Direba na magana ne da ƙarfen da ke jikin inji, a nan kuwa babu ƙarfen. Ta biyu, in saka irin manhajar nan da ke ƙirƙirar katin sauti na ƙarya. Ita kam tana kawar da jan tambarin, har ka ga koren layi na motsi, sai dai sautin na zuba ne cikin katin ƙaryar a can Turai, ba ya ƙetarowa. Ta ɓoye alamar ciwo, ta bar ciwon.

Wani abin lura: kamfanonin haya na ba da wata taga ta burauza don leƙa sabar idan ta ƙi karɓar baƙi. Yawanci wata hanyar shiga mai suna VNC ce a ƙarƙashinta, ita kuma ba a gina ta da ɗaukar sauti ba. Duk wanda ya gwada gyaransa ta wannan taga zai yi ta jin shiru ko da gyaran ya yi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Alhamdu lillahi, yau an ji murya.

Dokokin sabar na cikin gpedit.msc. Hanyar na da tsawo: Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Remote Desktop Services, Remote Desktop Session Host, sannan Device and Resource Redirection. A nan akwai doka mai suna Allow audio and video playback redirection. Na same ta a kashe. Da gangan aka kashe ta a samfurin Windows ɗin da kamfanin hayar ke ɗora wa kwastomomi, tare da raba faifai da firinta, don rage ƙofofin da ke buɗe. Ban ga laifinsu ba, mai ajiye lissafin kuɗi a sabar ba ya bukatar lasifika. Abin da kawai na so shi ne da sun rubuta hakan a takardar da suka turo mana.

Ga mai son tabbatarwa ta rajistar Windows, wannan doka na rubuta ƙimar fDisableCam. Idan 1 ce an rufe sauti, idan 0 ce an buɗe. Ana samun ta a ɓangaren Policies, ana kuma samun ta a ƙarƙashin RDP-Tcp, kuma ta Policies ce ke rinjaye. Mutum na iya gyara ta biyun ya yi ta mamakin rashin canji, alhali ta farkon na zaune a kanta.

Na kunna dokar, na buga gpupdate /force don ta fara aiki nan take, na fita, na dawo. Remote Audio ta bayyana. Na danna kaset na farko a jerin, sai ga marigayi yana buɗe majalisi da salati kamar yadda ya saba, har da ƙarar fankar masallacin a bayansa. Ƙanena da ke taya ni aiki ya yi karatu a gaban marigayin yana yaro. Ya ajiye abin da ke hannunsa, bai ce komai ba har aka kai ƙarshen Fatiha. Na kira Alhaji na kara masa wayar a lasifika.

Asabar, 11 ga Oktoba

Sauti a kwamfutata ba ya nufin sauti a ta kowa. Malama da ke rubutu daga Idi-Araba ta aiko cewa ita har yanzu shiru. Na ce, "Malama, a yi haƙuri a ba ni ɗanki a waya." Muka buɗe manhajar shiga tare, shafin Local Resources, ɓangaren Remote audio. Zaɓi uku ne a wurin: a kunna a wannan kwamfuta, kada a kunna, ko a kunna a can sabar. Nata na kan na biyu, yaron ya zaɓe shi tun tuni don tattalin data. Na ukun ma tarko ne, domin tura sauti ne zuwa lasifikar da babu ita.

Don kada a maimaita, na haɗa fayil ɗin shiga guda ɗaya na raba wa kowa. Fayil ɗin .rdp rubutu ne zalla, Notepad na buɗe shi. Layin da ya shafe mu shi ne audiomode:i:0. Sifili na nufin a kunna a nan, 1 a can, 2 kada a kunna.

Matsala ta biyu ta Legas ce tsantsa. Nefa ta ɗauke wuta, rauta ta mutu, layi ya yanke. Zaman mutum a sabar bai mutu ba, yana nan yana jira da duk abin da ya buɗe, wanda alheri ne ga rubutu. Amma idan layi ya yanke Remote Audio na ɓacewa, in an dawo sabuwa ake ƙirƙirowa. VLC kuma wani lokaci yana riƙe da tsohuwar, sai ka ga lokaci na tafiya babu murya. Magani mai sauƙi ne: a shiga Audio Device a cikin VLC a sake zaɓar na'urar, ko a rufe shi a buɗe. Na kuma koya wa kowa bambancin danna gicciyen shuɗin zirin da ke sama, wanda yanke layi ne kawai, da fita ta Sign out, wanda ke rufe zaman. In an tashi aiki, na biyun ake yi. Akwai dokar da ke kashe zaman da aka bari a yanke bayan wani lokaci. Na sa mata sa'o'i masu yawa da gangan, saboda a unguwanninmu wuta na iya tafiya tun hantsi ba ta dawo ba sai magariba, kuma ba na son rubutun wani ya salwanta saboda abin da ba laifinsa ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Kwamfutocin makaranta tokumbo ne, biyu daga ciki ba su da TPM 2.0, na'urar tsaron da Windows 11 ke nema. Na ɗora musu Linux Mint a madadin Windows, da manhajar Remmina don shiga sabar. Nan ma shiru da farko, amma wannan bai ci lokaci ba. A Remmina sauti a kashe yake zuwa. A shafin Advanced ake mayar da shi Local.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Abubuwa biyu sun taso a makon nan, ashe tushensu ɗaya.

Na farko, masu rubutu sun fara karo da juna. Mutum na uku na shiga sai a ce masa ya zaɓi wanda zai kora. Windows Server, in ba a ƙara masa komai ba, zama biyu kawai yake bari a lokaci guda, kuma lasisinsa ya ce waɗannan biyun na masu kula da sabar ne, ba na aikin yau da kullum ba.

Na biyu, Malam babba idonsa ya yi rauni, bugu a madannai na wahalar da shi. Ya ce, "Ɗana, ba za a iya yi mini yadda zan faɗi gyaran da baki a ajiye a can ba?" Ana iyawa, amma makirufo hanyarsa dabam da ta lasifika. Akwai dokarsa, Allow audio recording redirection, a wuri ɗaya da ta ranar Alhamis. Akwai layinsa a fayil ɗin shiga, audiocapturemode:i:1. Akwai kuma izinin makirufo a saitin sirri na Windows, wanda sai an buɗe shi a ɓangarorin biyu, kwamfutar Malam da sabar. Na yi duk wannan, shafin ɗaukar murya ya ci gaba da zama fanko. Sai da na ɗora wa sabar ɓangaren Remote Desktop Session Host, na sake kunna ta, sannan makirufo ya bayyana, shi ma da sunan Remote Audio. Wannan ɓangaren dai shi ne ke cire iyakar zama biyu.

Amma yana zuwa da agogo. Microsoft na ba da rangwamen kwana 120, bayan haka duk mai shiga sai da lasisi. Na ƙirga daga yau, wa'adin zai cika a tsakiyar Fabrairun 2026, dab da azumi, daidai lokacin da kwamiti ke son juzu'in farko ya fito. A sabar haya, galibi ta hannun kamfanin hayar ake biyan wannan lasisi, wata-wata, kan kowane mutum, kuma da kuɗin waje.

Wani ya raɗa mini cewa akwai dabarar mayar da agogon baya a rajista. Na san ta. Na gaya masa ba za a yi ta a nan ba. Rangwamen an ba da shi ne don mutum ya shirya, kuma aikin tafsirin Alƙur'ani ba a ɗora shi a kan cin haƙƙin wani, ko da wanin kamfani ne mai arzikin da ba zai san an ci ba. Ko mu biya, ko mu koma abin da aka halatta kyauta.

Laraba, 22 ga Oktoba

Wannan ne ɓangaren da ya fi cin raina, domin babu maɓalli ɗaya da ke warware shi. Sauti na zuwa, amma da yamma, musamman tsakanin magariba da ƙarfe goma lokacin da kowa ke kan waya, sai ya riƙa yankewa. Ga mai jin waƙa wannan ƙaramin abu ne. Ga mai rubuta karatu babba ne. Idan layi ya haɗiye "ba" ɗin farko a jimlar Hausa, ko "la" a Larabci, hukunci ya juye. Ɗaya daga cikin masu rubutun ta kawo mini misali, inda ta ji "ya halatta", da aka sake saurara da asuba sai ga shi "bai halatta ba" ne kaset ya ce. Tun daga nan na daina kallon yankewar a matsayin rashin daɗi kawai.

Na fara da auna tazara. Daga Agege zuwa sabar da dawowa ya ɗan haura milisakan ɗari idan layi na lafiya. Wannan nisan teku ne, wayoyin da ke ƙarƙashin ruwa daga gaɓar Legas zuwa Turai ba za su gajarta don mu ba. Jinkiri mai daidaito ba ya ɓata sauti, abin da ke ɓata shi shi ne hawa da sauka da zubewar ƙunshin bayanai, kuma wannan tsakanin gida da turken sabis yake faruwa.

Gyara na farko: Remote Desktop na amfani da ƙofa ta 3389, kuma tun siga ta 8 da ta fito a 2012 yana iya bi ta UDP ƙari a kan TCP, hanyoyi biyu na tura bayanai. A TCP, ƙunshi ɗaya in ya ɓace, duk na bayansa sai sun tsaya jiran a sake turo shi, hoto da sauti su daskare tare, a UDP kuwa ba dole ba ne a yi wannan jiran. Katangar tsaron sabarmu TCP kaɗai ta buɗe. Alamar sigina da ke shuɗin zirin sama na faɗa maka ko UDP na aiki. Ban buɗe ƙofar ga duniya ba. Duk wanda ya taɓa duba rajistar shiga ta sabar da ke da 3389 a buɗe ya san yadda ake kwana ana gwada kalmomin sirri a kanta, kuma raunin BlueKeep na 2019 ta wannan hanya ya zo. Na kafa WireGuard, wata keɓaɓɓiyar hanyar shiga mai tsaro, kowa ya fara shiga ta nan, ƙofar kuma, har da UDP, ta buɗu ga na ciki kaɗai.

Gyara na biyu shi ne ingancin sauti. Dokar Limit audio playback quality na da mataki uku: High ba ya matse sauti, Medium na matsewa kaɗan, Dynamic na duba ƙarfin layi ya daidaita. Da farko zuciyata ta karkata ga na sama, tunda kowane harafi muke so mu ji. Lissafi ya sauya mini ra'ayi. Sauti mai ingancin faifan CD in ba a matse shi ba yana cin kilobit 1,411 a daƙiƙa, wato kusan megabait 635 a sa'a guda. Mai rubutu na yin sa'a uku ko huɗu a rana, da datar aljihunsa, a shekarar da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data tun Janairu. Kuma me ake kiyayewa? Kaset ne da aka ɗauka da ƙaramar rikoda a masallaci, ingancin da ake tsoron asararsa babu shi a ciki tun asali. Na ajiye shi a Medium. Muryar ta fito sarai, yankewar ta ragu sosai.

Sauran kuma tarbiyyar aiki ce. Na nuna musu cewa a VLC, Shift da kibiyar hagu na mayar da karatu daƙiƙa uku baya, Alt da kibiyar kuma daƙiƙa goma. Muka yi doka cewa duk inda murya ta yi tsalle, a koma baya a sake ji kafin a rubuta, duk inda aka yi shakka a sa alama da lokacin wurin don Malam ya saurara da kansa.

Asabar, 25 ga Oktoba

Saboda maganar lasisi, na yi hayar ƙaramar sabar ta biyu don gwaji: Ubuntu 24.04, wani nau'in Linux, da Xfce mai ba shi fuskar aiki, da xrdp, wadda ke karɓar manhajar shiga ta Windows ba tare da lasisin kowane mutum ba. Shiga ta yi, sauti babu. A saiti an rubuta Dummy Output, ma'ana tsarin bai ga na'ura ba sai ya ajiye ta bogi.

Ciwon iri ɗaya ne da na Windows, maganin ne ya bambanta. xrdp na bukatar wani ƙarin yanki da zai haɗa ta da tsarin sauti. A nan ne bayanan da ke intanet ke ruɗa mutum, domin yawancinsu an rubuta su ne don PulseAudio, tsarin sautin da Ubuntu 22.04 ke amfani da shi, inda sai ka harhaɗa yankin da kanka daidai da sigar da ke injinka. Ubuntu ya koma tsarin sauti na PipeWire tun siga ta 22.10. A 24.04 abin da ake so shi ne pipewire-module-xrdp, kuma yana cikin ma'ajiyar Ubuntu. Tunda sabar tsirara take zuwa, sai da na haɗa da pipewire-pulse da wireplumber. Na fita, na dawo, na buga pactl list short sinks, sai ga xrdp-sink. Karatu ya fito.

Abin da ban gamsu da shi ba shi ne data. A gwajina da manhajar shiga ta Windows, sautin xrdp ba a matse ya zo ba, kuma mizanin rauta ya nuna hakan.

Talata, 28 ga Oktoba

Kwamiti ya zauna bayan isha'i. Na shimfiɗa musu hanyoyi biyun. Windows na aiki yanzu, da lasifika da makirufo, cin datarsa da sauƙi, amma daga Fabrairu akwai kuɗin lasisi kan kowane mai rubutu. Linux babu lasisi, amma nauyin zai koma kan datar masu rubutu, yawancinsu ɗalibai ne da matan aure da ke yi don Allah. Ra'ayina na faɗa a fili: gara makaranta ta ɗauki kuɗin da ake gani a takarda da ta tura wa masu sa kai kuɗin da ba a gani. Ma'aji ya ce a kawo farashi a rubuce kafin a yanke. Alhaji ya tambaya ko za a samu sabar a nan Legas a biya da naira, tunda akwai cibiyoyin ajiye sabobi a Ikeja da Lekki. Tambaya ce mai kyau, za ta rage tazara, sai dai ba za ta gyara layin yamma tsakanin gida da turke ba.

An gama rubuta kaset-kaset na Suratul Baƙara har zuwa ayoyin azumi, Malam ya fara duba su da murya. Abin da ke gabana a makon nan: neman farashi daga kamfanoni biyu na cikin gida, gwada makirufo a xrdp, da gano dalilin da ya sa kwamfutar Malam ke mayar da sauti lasifikarta duk lokacin da abin kunnensa na Bluetooth ya yanke ya dawo.